Yadda Tarkumawa Suka Fitar da Ni Rana

Kafin in ce komai ya kamata in bayyana cewa Tarkumawa babu su. Ba a taɓa yin su ba, a iya sanina, kuma ina jin ina da ɗan ikon faɗin haka tunda ni na ƙirƙire su. Na fara da wannan ne domin akwai dattawa masu mutunci a tashar motarmu ta Birnin Kudu da za su musa mini, kuma ba na son a ɗauka raina su nake yi.

Tarihi na karanta a jami'a. Da na gama bautar ƙasa na dawo gida jiran aiki, jiran ya yi tsawo har Inna ta fara yi mini irin kallon da take yi wa akuyar da ta ƙi haihuwa. Kawuna ne ya je ya roƙi shugaban tasha, wanda kowa ke kira Ciyaman, aka ba ni wurin kafa teburin cajin waya. Farantin sola yana kan rufin ofis, igiyar wuta ta sauko zuwa batir a ƙarƙashin teburina. Sana'ar ba ta da wuya, abu ɗaya take buƙata, inuwa. Waya in tana caji rana ta doke ta sai ta ɗau zafi ta daina sha, wani lokaci batirinta ya kumbura, mai ita ya zo da faɗa. Kuma babu fasinjan da zai tsaya a rana yana jiran waya.

Inuwa kuwa a tashar guda ɗaya ce, ta wata tsohuwar ceɗiya. Zama a ƙarƙashinta yana da tsari, ko da yake ban taɓa jin wanda ya faɗe shi da baki ba. Bencin da ke jingine da gindin na Ciyaman ne. Kusa da shi kujerar roba ta wani mutumin Farin Dutse, wanda ya sayar da shanun gado ya zuba motoci a hanyar Gwaram, muna ce masa Alhajin Gwaram. Daga su sai direbobi, sai 'yan kamasho, sai mai shayi, sai ni can bakin-baki, inda inuwar ke rufe ni har la'asar sannan ta janye. In baƙo ya zauna inda ba nasa ba, babu mai ce masa tashi. Hira ce kawai za ta tsaya, kowa ya duba wayarsa, har sai ya ji a jikinsa.

Ban ce daga nan na samo Tarkumawa ba. Amma a nan nake zaune lokacin da suka zo mini.

Niyyata in rubuta labari irin wanda ake turawa zaurukan karatu na waya kashi-kashi. Sai dai ni mutum ne da ba na iya barin sarki ya yi tari a labari ban san sunan kakansa ba. Don haka na ce bari in fara shirya tarihin mutanen da al'adunsu, kada daga baya wani mai karatu ya kama ni da tufka da warwara. Har yau ban kai ga labarin ba.

Tarkumawa suna zaune a duniyar da ke da rana biyu, uwa da 'ya, ɗaya na bin ɗaya a sama, saboda haka kowace bishiya inuwa biyu gare ta. A ƙasarsu gona kyauta ce, ruwa kyauta ne, inuwa ce dukiya. Sarkinsu Uban Inuwa, shi ke da gindin babbar bishiya, inda inuwar biyu ke haɗuwa. Shi ke raba wa manyansa reshe-reshe, masu reshe su raba wa masu ganye, masu ganye su bar wa talaka abin da ya zubo. Talaka da ban ruwa yake biya, kowace safiya ya kai tulu gindin bishiyar ubangidansa. Hatta inuwar jikin mutum ta ubangidansa ce, shi ya sa Batarkume ke durƙusawa in ya ga babba, ba don ladabi ba, don ya gajarta inuwarsa kada ta haura iyakar wani. Dogayen mutane tun suna samari ake kwashe su aikin fada, a jera su a matsayin katanga. Ba sa yaƙi sai da tsakar rana, lokacin da ƙasar kowa ta tsuke. Da yamma kuwa, in inuwa ta miƙe kowa ya zama attajiri, sai a yi sulhu a ɗaura aure. Akwai kuma wata tsuntsuwa da fikafikanta suka kai faɗin kasuwa, takan gifta sau ɗaya a shekara, ba ta sauka. Inuwarta ce kaɗai ba ta da mai ita, talakawa sukan bi ta da gudu, har tsofaffi da masu goyo, sai ta ɓace. Bikinsu na shekara ke nan.

Wani tsohon ɗan kamasho da ke kirana Farfesa shi ya tona ni. Ya ga kullum kaina a sunkuye.

"Farfesa, wace ce wannan da ba ta barin ka ɗaga kai? Ko 'yar Kano ce?"

Na ce ba mace ba ce, rubutu ne.

"To karanto mu ji, mota ba ta cika ba."

Na so in ƙi, amma Ciyaman ya riga ya juyo. Na fara da cewa ƙirƙira ce zalla, ba da kowa nake ba, duk wanda ya ga kama to dacewa ce kawai. Na yi ta maimaita wannan har mai shayi ya ce in shiga labarin kafin ruwansa ya huce. Sai da na ji abin da kunnena na gane yadda ya yi kama da inda muke zaune. Da na zo kan masu ganye wani direba ya kalli ɗan kamashon ya tuntsire da dariya. Na ce a raina shi ke nan, gobe teburina yana titi.

Ciyaman ya ja carbi, ya ce, "Malam, shi wannan Uban Inuwar, yaya kamanninsa?"

"Ranka ya daɗe, ban kai ga kamanni ba tukuna."

"To mutum ne mai ɗan jiki, ba dogo can ba. Mai haƙuri. Rubuta."

Na rubuta.

Ni tsorona su ga kansu a ciki su yi fushi, ashe fushin na wanda bai ga kansa ba ne. Kafin mako ya zagayo kowa ya zo da buƙata. Direbobi suka ce su masu reshe ne. 'Yan kamasho suka ce ba za su zauna a masu ganye ba alhali su ke cika mota. Mai shayi ya nemi sarautar ban ruwa. Wani dogon direban Kano ya ce a cire maganar katanga, ko kuma a ce katangar tana da albashi. Duk wanda ya zo sai in ce za a duba, in koma gida in ƙaro wata daula ko wani tsohon yaƙi da zai sa buƙatarsa ta zauna ba tare da ta rushe ta wani ba. A jami'a an koya mana yadda ake tantance tarihi, ba a koya mana yadda ake yin sa ba. Ina zaton yanzu na ɗan sani.

Alhajin Gwaram bai zo da wuri ba. Sai da ya ga an gama rabo ya kira ni gefen motarsa.

"Ɗan boko, rana biyu ka ce ko?"

"Biyu, Alhaji."

"To inuwa biyu, sarki ɗaya? Haka aka koya muku?"

Haka aka samu Uban Inuwar Yamma, wanda kakanninsa makiyaya ne da suka zo da wasu shanu masu ƙaho kamar rassan kuka, ana shan inuwa a ƙarƙashin ƙahon. Alhaji ya ji daɗin shanun ƙwarai. Ciyaman bai ji daɗinsu ba, amma na nuna masa cewa inuwar yamma ta 'yar rana ce, ba ta uwar ba, ya haƙura.

Matsalar ta taso ranar da ɗan kamashon, wanda ina kyautata zaton ba da mugun nufi ya yi ba, ya ce, "Farfesa, wai ita babbar bishiyar wa ya dasa ta?"

Sai hira ta tsaya. A ranar na san abin da kowa a tashar ya sani ban da ni. Ciyaman yana cewa mahaifinsa ne ya dasa ceɗiyar tashar da hannunsa. Alhajin Gwaram yana cewa nan wurin shanun kakansa suke kwana, turken maraƙi ne aka sara daga ɗanyar ceɗiya aka kafa, damina ta sauka ya tsiro. Duka biyun suna iya yiwuwa, don ceɗiya haka ake dasa ta, a sari reshe a kafa. Shekara da shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna raba goro, ba sa taɓa maganar. Yanzu ga ta ta dawo ta hannun Tarkumawa, kuma ni ake kallo.

Na ce zan bincika.

Washegari na tarar an matsar da teburina ciki, tsakanin direbobi da 'yan kamasho, inda rana ba ta zuwa sam. Ciyaman ya ce ya lura ina shan wahala da la'asar. Ba a jima ba Alhajin Gwaram ya gargaɗi direbobinsa kada wanda ya ƙara kai waya wani wuri, aka kuma fara aiko mini da fura da nono daga wajen wata mai talla 'yar Kiyako. Ban taɓa yin ciniki kamar na lokacin ba, ban kuma taɓa ramewa kamar lokacin ba. In na ce Uban Inuwa ne ya dasa, masu caji sun tafi. In na ce makiyaya ne, to wurin na Ciyaman ne.

Na kai wa Inna maganar. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ba kai ka yi su ba? Ka sa annoba ta kwashe su duka ka huta."

Na ce ba a kashe al'umma guda haka kawai, sai da dalili, kuma ban shirya musu tarihin cututtuka ba.

"To ka ce tsuntsu ne ya kasayar da irinta."

Na yi tunanin wannan sosai. Amma na riga na faɗa a gaban jama'a cewa tsuntsuwarsu ba ta sauka, kuma ban tabbata abin zai yiwu daga sama ba.

Wata ranar kasuwar Gwaram Alhaji ya ce in raka shi. Ya sa ni gidan gaba ni kaɗai, abin da ban taɓa samu ba. Muka wuce har Farin Dutse, ya kai ni zauren wani baffansa, tsoho tukuf, yana zaune a kan buzu. Alhaji ya ce ga malamin da ke binciken Tarkumawa.

Tsohon ya gyaɗa kai. "Masu rana biyu? Kakana ya yi kiwo a gefensu. Mutanen kirki, sai dai rowar inuwa."

Na ƙara durƙusawa na ce, "Baba, a gafarce ni, ina jin akwai ɗan kuskure. Mutanen nan ni na ƙirƙire su, bana-banan nan."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? Takalmin nan nawa ya girme ka." Ya juya wajen Alhaji. "Bishiyar tasu mu muka kafa ta, kowa ya sani."

Ban sani ba ko shirya shi aka yi, ko tsufa ne, ko kuwa so yake ya faranta wa ɗan ƙanensa. Ba zan ɗora wa dattijo abin da ban tabbatar ba. A hanyar dawowa Alhaji ya saya mini rake.

A cikin motar nan dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ga kyanta ƙwarai. Na juya ta ta kowane gefe, ban ga inda ta ci karo da abin da na faɗa a baya ba. Ranar da aka sa mini in kawo sakamakon binciken, bayan azahar, ƙarƙashin ceɗiya ya cika har da fasinjojin da suka bar motarsu ta tafi. Na miƙe na ce bincike ya nuna Tarkumawa suna da mutum ɗaya da ke riƙe musu tarihi, ana ce masa Mai Tuni, shi kaɗai ke da ikon faɗin wanda ya dasa babbar bishiya. Kuma a al'adarsu Mai Tuni ba ya zama a inuwar kowa, a fili yake zama rana biyu na dukansa, domin wanda ya sha inuwar mutum ba zai iya faɗin gaskiya a kansa ba. Na ce to ga ni a inuwa, inuwar ma mai kauri, saboda haka bisa ƙa'idar mutanen ba ni da bakin magana. Na roƙi a yi mini uzuri, na zauna.

Na ɗauka za a yi dariya a watse, maganar ta mutu.

Ciyaman ya dubi Alhajin Gwaram. Alhajin Gwaram ya dubi Ciyaman. Tun da nake tashar ban taɓa ganin fuskokinsu sun yi kama ba sai ranar.

"Kai, mutanen nan sun san abin da suke yi," in ji Ciyaman.

"Adalci ke nan," in ji Alhajin Gwaram. "Ni ba zan yarda da hukuncin da aka yi a inuwarka ba, kai ma ba za ka yarda da wanda aka sha furata aka yi ba."

"Wallahi kuwa."

Da safe na tarar da teburina a bakin ƙofar tasha, inda motoci ke juyawa, wurin da ko kare ba ya kwanciya. An ƙara wa igiyar wuta tsawo, an share wurin, har an yayyafa ruwa. Ba korata aka yi ba, ina so a fahimci wannan. Naɗi ne. 'Yan kamasho suka jeru suna "Allah ya ja zamanin Mai Tuni," mai shayi ya kawo mini kofi kyauta, mai zafi. Ciyaman da kansa ya tako har bakin inuwa, ya tsaya daga ciki.

"Ai kai da rana abokan sana'a ne, Malam. Ba ita ke ba ka wutar ba?"

Na ce haka ne, ranka ya daɗe, sai dai farantin ne ke son ta, ba wayoyin ba. Ya ce in daure, sarauta ce. Wurina na ciki kuwa, kafin azahar an ba wani ƙanen matar Ciyaman mai sayar da katin waya.

Tsakiyar bazara ce. Na jiƙa buhu na rufa wa wayoyin, yana bushewa ina sake jiƙawa. Direbobi sukan ajiye waya su ruga inuwa, fasinja kuwa in ya hango inda nake sai ya fasa. Na zo da malafa, aka yi zama a kanta. Ɗan kamashon ya ce, "Farfesa, ba kai ka ce inuwar jikin mutum ta ubangidansa ce ba? To wannan ta kanka ta wa ce?" Bayan doguwar muhawara aka bar mini ita, bisa sharaɗin a rage mata baki.

Ranar da batirin wani fasinja ya kumbura aka yi ta rigima, na koma gida na yi nazari, na dawo da gyara. Na ce an samu wata ruwaya da ke cewa a zamanin wani Uban Inuwa an yarda Mai Tuni ya kafa 'yar rumfar zana, tunda zana ba bishiya ba ce.

"A ina ka samo wannan?" in ji Ciyaman.

Na ce inda na samo sauran.

"A'a. Mu ba mu san da wannan ba."

"Rana ce ta fara taɓa shi," in ji Alhajin Gwaram. "Malam, kada ka ɓata mana tarihi. Abin da magabata suka bari a bar shi yadda yake."

Na ce to tunda na cika sharaɗi na zauna a rana, a ba ni dama in faɗi wanda ya dasa bishiyar a wuce wurin. Ban san wanda zan ambata ba, amma na kai inda nake ganin ko wanne na faɗa gara. Sai suka yi dariya. Ashe sun daidaita tun makon da aka fitar da ni. Kakan Alhajin Gwaram ne ya kafa turken, mahaifin Ciyaman ne ya yi masa ban ruwa ya kare shi daga awaki. Su biyu suka zauna suka gama, a inuwa, da goronsu.

"To ranka ya daɗe, tunda an gama, ko zan iya komawa wurina?"

"Subhanallahi! Mai Tuni guda? Gobe in wata rigimar ta taso wa zai raba mu?" Ya ɗan ja carbi. "Kuma wurin akwai mutum."

Har yanzu ina bakin ƙofa. Ciniki ya ragu amma bai mutu ba, akwai masu zuwa musamman don su ga Mai Tuni, wasu har su bar waya. Inna in ta ga yadda na yi baƙi sai ta ce da na bi shawararta ta annoba. Wataƙila tana da gaskiya, ko da yake har yanzu ina ganin sai da dalili.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa a tashar ba. Bayan la'asar, in motar Gwaram ta ƙarshe ta zo lodi, a gefena take tsayawa. Doguwa ce, da kaya a sama, inuwarta takan faɗo daidai kan teburina har ta rufe gwiwata. Nakan janye buhun wayoyin su sha iska. Da farko na so in ɗauke ta a matsayin tsuntsuwar nan da inuwarta ba ta da mai ita. Amma na duba dokar da kyau, motar tana da mai ita, yana ma zaune a kujerar roba yana fuskantar inda nake. Don haka in ta tsaya nakan sunkuya in yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur, ina addu'a a zuci kada fasinja su yi saurin cika ta.